Hukuncin kashe talotalon daji da ya addabi gonar mutum a Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina zaune a ƙauye a jihar Wiskonsin, da ɗan fili da lambu a bayan gida. Talotalon daji sun hana mu sakat. Suna zuwa garke guda, su tone shuka, su ɓata ƙofar gida da kashi. Akwai wani ƙaton namiji da ke saran ƙofar motata har fenti ya zazzage, rannan kuma ya kori yarona sai da ya faɗi. Maƙwabcina ya ce doka ta hana in harbe su ba lasisi. To Malam, fili nawa ne. Ya halatta in harbe su a ɓoye mu ci, ko in zuba musu guba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙara wa yaro lafiya.

Naman talotalo halal ne, na gida da na daji, farautarsa ma a asali halal ce. A Risala, Ibn Abi Zaid ya ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba ta wasa ba kuwa mubahi ce. Ba a nan matsalarka take ba. Tana wajen kalmarka ta "a ɓoye".

Ka ce fili naka ne. Gaskiya ne, amma tsuntsun ba naka ba ne. Dabbar daji ba ta zama mallakar mutum don ta ratsa gonarsa, kuma hukuma tana da ikon taƙaita abin da yake mubahi idan akwai maslahar jama'a. A nan maslahar a fili take. Yawan harbi da sare daji sun ƙarar da talotalon daji kakaf a Wiskonsin tun ƙarshen ƙarni na 19, sai a 1976 aka kawo wasu daga jihar Misuri aka sake su, suka hayayyafa. Wanda ya taso a ƙasar Hausa ya ji dattawa suna ba da labarin dazukan da a da barewa da jimina ke kiwo, yau ko sawunsu babu, bai kamata a sha wahalar fahimtar da shi amfanin irin wannan doka ba. Sannan kai da takarda ka shiga ƙasar, ka sa hannu za ka bi dokarta. Allah ya ce a farkon Suratul Ma'ida: "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku cika alkawura." Dokar da ba ta sa ka saɓon Allah ba, cika ta yana cikin wannan alkawari. Don haka harbi a ɓoye bai halatta gare ka ba, ko da ba wanda zai gani. In kuma aka gani, ga tara, ga zubewar mutunci, ga abin da za a riƙa faɗa a kan Musulmin yankin gaba ɗaya.

Guba kuwa haramun ce, ko da doka ta yi shiru. Azabtarwa ce, alhali Annabi (SAW) ya ce a hadisin Shaddad bin Aus da Muslim ya ruwaito: idan za ku yi kisa ku kyautata kisan. Abin da guba ta kashe mushe ne. Kuma ba ta tsayawa a kan wanda aka nufa: karen maƙwabci zai ci gawar, shaho zai ci, wataƙila yaron da kake karewa shi zai tsinci hatsin.

Ba kuma a ce ka naɗe hannu ba. Ƙa'idar malamai a kan dabba mai kawo farmaki ita ce a tunkuɗe ta da mafi sauƙi, in bai yi ba a matsa gaba. Fara da duba abin da ke kiran su. Galibi hatsin da ake rataye wa ƙananan tsuntsaye ne yake zuba ƙasa, ko abincin kaji da aka bari a buɗe. Kwashe shi, ka roƙi maƙwabta su ma su daina. Wanda ke saran mota hoton kansa yake gani a fenti, ya ɗauka wani namijin ne abokin hamayya, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin barbara. Lulluɓe motar ko ka shigar da ita gareji. In ya taso maka kada ka juya baya. Buɗe masa laima a fuska, ka fesa masa ruwa da tiyo, ka daka masa tsawa, ka bi shi da tsintsiya har ya bar filin, kuma kowa a gidan ya yi haka. Lambu a sa masa raga. Ka kuma tabbatar su ne masu ɓarnar, domin sau da yawa barewar can da dabbar da suke kira rakun su ke cin shuka da dare, gari ya waye a ga talotalo yana tsince ƙwari a wurin, laifi ya hau kansa. In ka tarar da sheƙa da ƙwai a ciyawa, ka bar ta.

Idan duk wannan bai yi ba, kira hukumar albarkatun ƙasa ta jihar, wadda suke ce wa DNR, ka gaya musu maganar yaron. Suna da tsari na manoman da talotalo ya yi wa ɓarna, kodayake amfanin gona na sayarwa aka fi nufa da shi. Hanya ta biyu ita ce ka nemi lasisi da izinin farautar talotalo, ka jira lokacinta, daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Mayu ko kuma da kaka, ka kiyaye adadin da aka yanka maka, ka yi rajistar abin da ka kashe.

A nan sai ka ci da daɗin rai. Ka yi niyya, ka ce Bismillahi lokacin danna kunama. Malaman Malikiyya da suka zo daga baya sun halatta abin da harsashi ya kashe, saboda yana hudawa ya zubar da jini, daidai da sharaɗin hadisin Adiyyu bin Hatim. In ka riske shi da sauran rai, yanka ya wajaba. In ka yi sakaci ya mutu a gabanka, ya zama mushe.

Abu ɗaya ya fita daga wannan jeri: idan a take tsuntsun ya hau yaro da kaifin ƙafarsa, ka kare shi da duk abin da ke hannunka. In ya mutu a haka ba ka da zunubi, sai ka sanar da hukumar yadda abin ya faru.

Wallahu a'alam.