Me ya sa iskar Baba ta sauka bayan an sa masa maganin hawan jini?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce an kwantar da shi da nimoniya, jininsa ya hau, aka sa masa maganin da ke buɗe hanyoyin jini a cikin ƙarin ruwa, sai lambar na'urar nan ta yatsa mai auna iskar oksijin a jini ta sauko daga 94 zuwa 89. Kina tambaya, tunda an buɗe wa jini hanya, ba hawa ya kamata iskar ta yi ba?

Ni nas ce, na daɗe a ɗakin masu jinya mai tsanani, kuma farkon zuwana haka na ɗauka. Daren da na fara ganin abin, wani dattijo ne mai tsohon ciwon ƙirji. Muka sa masa naitirogilisarin, wani maganin buɗe hanyoyin jini, jini ya sauka yadda ake so, amma lambar iska ta yi ta zamewa. Na canja yatsa, na murza masa hannu ko sanyi ne, na ɗauko wata na'urar, duk ɗaya. Likitan da muke kwana da shi ya rage gudun maganin, ya ƙara oksijin, kafin rabin awa ta dawo. Da asuba ya zaunar da ni ya warware min.

Huhu akasin sauran jiki yake yi. A hannu ko ƙafa ko ƙwaƙwalwa, idan oksijin ya yi ƙaranci, hanyoyin jini buɗewa suke yi don jini ya ƙaru. A huhu kuwa tsukewa suke yi. Dalili shi ne, jini ɗebo iska yake zuwa yi a huhu, kamar 'yan ga-ruwa a bakin famfo. Idan famfon wata unguwa ya ƙafe, ba amfanin tura kura can, gara a karkata zuwa inda ruwa ke zuba. To ɓangaren huhun Baba da nimoniya ta cika da majina shi ne famfon da ya ƙafe, jikinsa kuma ya riga ya rage jinin da ke zuwa wurin. Wasu masana biyu 'yan Suwidin, von Euler da Liljestrand, su suka bayyana wannan a 1946, bayan gwajin da suka yi a kan kyanwoyi.

Ƙwayoyin naman da suka zagaye ƙananan hanyoyin jinin huhu su da kansu suke jin ƙarancin iskar. Cikin 'yan daƙiƙoƙi sinadarin kalsiyam yake kwarara cikinsu, su murɗe. Shi kuwa magani ba ruwansa da wace hanya ce aka rufe da gangan, duka yake saki. Nifedifin ma, wani maganin hawan jini, ƙofar kalsiyam ɗin yake toshewa kai tsaye. Sai jini ya koma bi ta ɓangaren da ba iska, ya fito fayau yadda ya shiga, ya gauraya da mai kyau, lamba ta sauka. Mai lafiyayyen huhu da wuya ya ga wani bambanci.

Akwai kuma martani na biyu da jiki ke yi wa ƙarancin iska, mai tafiyar hawainiya, na awoyi da kwanaki. Ƙwayoyin jiki suna da wani furotin da ake kira HIF. Kullum ana ƙera shi, kullum ana rusa shi cikin mintuna muddin akwai oksijin. In iska ta yi ƙasa sai ya taru, ya sa ƙoda ta ƙara sinadarin da ke umartar ɓargo ya yi jajayen ƙwayoyin jini, ya sa a tsiro da sababbin ƙananan hanyoyin jini. A kan gano wannan aka ba wasu masana uku, Kaelin da Ratcliffe da Semenza, kyautar Nobel a 2019. Abin da ya ba ni mamaki, haidiralazin ɗin nan da muke yi wa masu ciki idan jini ya yi mugun hawa, an nuna a ɗakin gwaji a 2004 cewa yana hana rusa HIF, sai ƙwaya ta ɗauka iska ta yanke alhali tana nan. Wannan dai a ɗakin gwaji ne, kada ki ɗora shi a kan lambar Baba. Tasa ta huhu ce.

Wani lokacin kuma tsukewar ce cutar. Masu hawa dogayen duwatsu, inda iska ta yi ƙaranci a huhu gaba ɗaya, duk hanyoyin ne suke tsukewa har ruwa ya taru a huhu, a nan nifedifin magani ne. Sildenafil, wanda mutane suka fi sani da Viagra, ana ba masu hawan jinin huhu. Amma masu sikila su kiyaye: a 2009 an dakatar da wani gwajinsa a Amurka saboda masu sikilar da suka sha sun fi tashin ciwo.

Don Allah kada ku taɓa robar ƙarin ruwan, kada kuma ku hana a ba shi maganin, don hawan jini mai tsanani yana iya jawo shanyewar ɓarin jiki. Idan likita ya zo zagaye, ki tambaye shi sunan maganin, da lambar iskar da suke so Baba ya tsaya a kai, domin masu tsohon ciwon huhu sau da yawa tsakanin 88 da 92 ake riƙe su. Ki kuma lura da shi kansa, ba na'ura kaɗai ba. In kika ga numfashinsa ya ƙara sauri, ko leɓensa ya canja launi, ko ya fara magana ba kan gado, ki kira nas nan take, ko da tsakar dare ne.