Aro, Rance da Bashi, da Maganar Hanji

Wani ɗalibi daga Ƙofar Marusa a Katsina ya tambaya ko aro da rance da bashi duk abu guda ne. A'a, ɗana. Aro shi ne ka karɓi abu ka yi amfani da shi ka mayar da shi ɗin dai: galma, tabarmar taron suna, babur ɗin maƙwabci. Shi ya sa aka ce zanen aro ba ya rufe katara, don mai shi na iya aiko yaro a kowane lokaci. Rance kuwa abin da aka karɓa yakan ƙare, sai a mayar da kwatankwacinsa, kamar tiya biyar ta gero da damina, a biya da kaka. Bashi ya fi su faɗi, ya haɗa rance da kayan da aka ɗauka a kanti ba a biya ba, har da ragowar sadaki. In ka ji an ce "ara mini dubu biyu", kunya ce ta sassauta kalmar, amma rance ake nufi.

Tambaya ta biyu daga Daura take. Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta ce ta ba wata mata bashin turmi uku tun kafin ƙaramar salla, kuma duk lokacin da ta aika, sai a ce wa 'yar aiken "bashi hanji ne, yana cikin kowa". Tana so ta san ko ma'anar ke nan a ƙyale mutum.

Hajiya, an murɗe miki karin maganar ne. Asalinta ta rarrashi ce. Ana faɗa wa wanda bashi ya hana barci, a nuna masa ba shi kaɗai ba ne, attajirin da yake gani ma ana bin sa. Ta fi kyau a bakin mai lallashi. In ta fito daga bakin wanda ake bi, a gaban mai kuɗin, ta koma garkuwa. Ki lura kuma da yadda Hausa ta raba aikin: ɗaya "ci" yake yi, ɗaya "bi". Mai ci yana zaune, mai bi ke shan rana da kashe takalmi. Na taɓa ganin wani mai kanti a Katsina da littafinsa ya cika da sunaye, wasu an soke da jan biro, wasu masu su sun sake hanyar zuwa masallaci don kada su bi ta ƙofarsa.

Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, aya ta 282 kuma, wadda ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Hadisi ya kira jan ƙafar mai hali zalunci. Don haka ki fara gano wace ce a gabanki, marar shi ko mai taurin bashi. Ki je da kanki, ki daina aika yara, ku yanka abin da za ta riƙa kawowa duk Juma'a, a rubuta a gaban mutum biyu. In ta sake kawo zancen hanji, ki ce mata kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.