Yadda aka gano gas mai zafi da ya kewaye Milky Way

Malam, ka tambayi yadda aka san akwai gas mai zafi kewaye da rukunin taurarinmu, Milky Way, alhali ido ba ya ganinsa. Zafinsa ya haura digiri miliyan 1, don haka da hasken eksire ake gane shi, kuma sai daga sararin samaniya, domin iskar duniyarmu tana tare wannan haske. A 2012 masana suka yi amfani da Chandra, na'urar hangen nesa mai gano hasken eksire da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba sama, suka ga oksijin da ke cikin gas ɗin yana shanye wani kaso na hasken da ke tahowa daga can nesa. Nauyinsa kuwa ana ta ja-in-ja a kai. Wasu na ganin ya kusa kai na taurarin Milky Way gaba ɗaya.