Amsa: Shin Opeth ta bar metal ne a kundin Heritage?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kundin Heritage na 2011 ya nuna Opeth, ƙungiyar mawaƙa ta ƙasar Sweden, ta juya baya ga metal, wato kiɗan rock mai nauyi da tsananin ƙara. Ni dai a ganina girma ne, kuma ba rana ɗaya ya faro ba.

Koma ka saurari kundinsu Blackwater Park na 2001, wanda suka yi aikinsa tare da mawaƙin Birtaniya Steven Wilson. A cikin waƙa guda Mikael Åkerfeldt, jagoran ƙungiyar, zai yi gurnani kamar zaki, can sai gita mai sanyi ta shigo, muryarsa ta yi laushi. Sannan a 2003 suka fitar da Damnation, babu gurnani ko sau ɗaya. Ashe tun can iri yake ƙasa.

Heritage ma babu gurnani a cikinsa; abin da ya ƙara shi ne ɗanɗanon kiɗan shekarun 1970: kayan kiɗa masu kama da fiyano irin su Mellotron da Hammond, da ganguna masu sassauci irin na jazz. Gaskiya saurarona na farko bai shige ni ba, sai a karo na uku kunnena ya buɗe. Ka ba shi lokaci.

In kuwa gurnanin kake kewa, ya dawo a The Last Will and Testament na 2024.