Na saka ƙanwata da goggona a manhajar ninka kuɗi, yanzu sun rufe, bashi ne a kaina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Wata ƙawata ce ta saka ni a wata manhaja da ake zuba kuɗi wata ɗaya ya ninka, na zuba dubu 150 na cire dubu 300, sai na kawo ƙanwata ta zuba dubu 100 aka ban bonas. Daga baya cire kuɗi ya fara wuya suka ce gyara suke, a lokacin ne na saka goggona, ta sai da tumakinta ta ban dubu 200 na zuba mata dan ba ta da babbar waya. Yanzu sun rufe. Wani malami ya ce ribar da na ci halal ce tunda ban sani ba. Zan biya su?

AMSA: Wa'alaikumus salam. Haramcin irin wannan harka ba a saɓa a kai ba, ba ciniki ba ne, kuɗin na baya ake ɗauka a ba na gaba. Haka MMM ta yi ta alƙawarin kashi 30 a wata har ta daskare a Disambar 2016, haka CBEX ta yi alƙawarin ninki a kwana 30 ta rufe a Afrilun 2025.

Amma 'yar uwa akwai magana ɗaya da ki ka faɗa ki ka wuce da sauri, kuma a nan hukuncin yake, wato "a lokacin ne na saka goggona". Ƙanwarki kin kawo ta lokacin da ke ma kin yarda abin gaskiya ne, ita ta zuba da hannunta, in ba ki ce mata "na lamunce miki" ba to asararta ba ta kanki, bonas ɗin da ki ka samu ta dalilinta ne dai za ki mayar mata. Goggo kuwa daban ce. Kin ga kuɗi ya daina fita, kin yi shiru, ki ka karɓi kuɗin tumakinta ki ka zuba da hannunki. Wakili amintacce ne ba ya ramuwa, sai in ya yi sakaci ko ya ɓoye abin da in an faɗa mai dukiya ba zai bayar ba. Ki tambayi zuciyarki, da kin ce mata "Goggo kwana uku ke nan kuɗi ba ya fita", za ta kai tumakin kasuwa? Dubu 200 ɗin nan bashi ne a wuyanki.

Maganar malamin can kuma, na san inda ya dogara, ayar Baƙara da ta ce wanda wa'azi ya zo masa ya hanu to abin da ya wuce nasa ne, kuma akwai malamai da suka yi sauƙi ga wanda ya yi cinikin ɓatacce cikin jahilci. To amma wancan ana maganar kuɗin da mai shi ya bayar ya san me ya bayar ne. Nan fa? Dubu 150 da aka ƙara miki ba wani kamfani ne ya nemo ba, kuɗin wata baiwar Allah ce da aka yaudara kamar yadda aka yaudari goggonki. Rashin sani yana ɗauke zunubi, ba ya mai da dukiyar wani ta zama taki, wanda ya sayi akuyar sata bai sani ba ai in mai ita ya zo sai ya sake ta. Uwar kuɗinki kawai ce taki. Ribar ki fitar da ita, kuma tunda ga waɗanda aka cuta a gabanki, ki rage wa ƙanwarki asara da ita, abin da ya saura ki sadakar da niyyar masu shi. Na goggo daga aljihunki zai fito ko da kaɗan-kaɗan ne.

Sannan ki kula, za a kira ki ko a turo saƙo ta WhatsApp a ce ki biya wani abu a buɗe miki asusu, ko wai su jami'an EFCC ne za su ƙwato muku. Kar ki tura ko sisi, kar ki ba kowa lambar da banki ya turo miki ko BVN, ki ja kunnen ƙanwarki ma. Ban ji kin ambaci maigidanki ba, in bai sani ba ki faɗa masa kafin ya ji a bakin dangi. Goggo kuma kar ki tura mata saƙo, ki je da ƙafarki da abin da ya samu a hannu, ki faɗa mata gaskiyar abin da ki ka gani tun kafin ki karɓi kuɗinta.

Wallahu a'alam.