Tambaya da Amsa: Likitanci na nema aka ba ni Lab, in karɓa ko in sake JAMB?

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, don Allah ki ba ni shawara kaina ya kulle. Shekara biyu kenan ina zana JAMB ina neman likitanci, bana na ci 251 amma da admishin ya fito sai na ga Medikal Lab, wato karatun gwaje-gwajen asibiti, aka ba ni, ƙawata kuma Anatomi. Baba ya ce in karɓa kawai, Umma kuwa ta riga ta gaya wa dangi kaf 'yarta likita za ta zama. Wani yaya a layinmu ya ce in shiga, in na gama aji ɗaya sai in canja kwas. Ya zan yi?
Daga wata ɗaliba, Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni dai a ganina ki shiga CAPS, wato shafin admishin na JAMB, ki danna karɓa tun kafin gurbin ya wuce ki.

Makinki ba laifi, matsalar guraben ne, don hukumar likitoci MDCN ita ke yanke wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka a MBBS, wato digirin likitanci, shi ya sa za ki ga mai maki sama da naki ma yana zaune a gida yana jiran baɗi, baɗin kuma ba wanda ya yi miki alƙawarinta.

Lab ɗin nan da kike yi wa kallon ragowa karatun shekara 5 ne, likitanci 6, kin ga shekara ɗaya ce tsakani. In kin gama a ba ki digirin Lab da ake kira BMLS, ki yi rantsuwa, hukumar ma'aikatan Lab MLSCN ta ba ki lasisi, ki yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti ana biyanki, sannan bautar ƙasa. Kuma aikin ba wasa ba ne, mace ce za a kawo ɗakin haihuwa ƙarfe biyun dare jini ya ɓalle mata, likita na tsaye yana jira, ke ce za ki haɗa jininta da na ledar da za a ƙara mata ki tabbatar sun dace kafin a ɗaura, in kika yi kuskure rai ne. Ke ce mai leƙa ɗigon jini a madubin awo ki ce maleriya ce ko ba ita ba. Ga gwajin jinotayif na masu shirin aure, wanda a Kano ma tun 2024 ya zama doka, duk ta hannunku zai bi.

Ƙawarki ce ma nake so ta buɗe ido. Anatomi da Fisiyoloji, wato ilimin sassan jiki da na yadda suke aiki, shekara 4 ne kuma ba su da lasisin duba mara lafiya, ilimi ne mai kyau amma hanyarsa koyarwa da bincike, sai dai in ta gama da sakamako mai ƙarfi ta nemi DE, wato shiga kai tsaye, ta shiga likitanci daga aji 2, can ma cunkoso ne.

Maganar yayan layinku kuwa, kar ki ɗora tukunya a kai. Canja kwas zuwa MBBS sai maki ya kai ƙololuwa kuma sai akwai gurbi, wasu jami'o'in ma sam ba sa yi. Ki shiga da niyyar Lab ɗin za ki karanta, in canjin ya samu to falillahil hamdu.

Abu ɗaya dai kafin Baba ya biya kuɗin rajista, ku bincika kwas ɗin yana da amincewar hukumar jami'o'i NUC da ta MLSCN duka biyun, don in babu ta MLSCN sai ki gama shekara 5 lasisi ya gagara.

Umma kuma a bi ta a hankali, ba da gardama ba. In kuna da wata 'yar uwa ma'aikaciyar asibiti ki roƙe ta ta zo gida ta yi mata bayani da bakinta, ta fi jin ta manya a kan taki.