Tambaya da Amsa: Yaya ake bambance nau'o'in jirgin Blenheim?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga wani tsohon hoto na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka ce a filin jirgin saman Kano aka ɗauke shi. Jirgi ne mai inji biyu da dogon hanci na gilashi, kuma akwai wani ƙullutu a ƙarƙashin hancin. An ce sunansa Blenheim. Wane nau'i ne, kuma waɗanne makamai yake ɗauke da su? Daga wani ɗalibin tarihi, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, ganin wannan jirgi a Kano ba abin mamaki ba ne, domin tun daga watan Satumba na 1940 Turawan Ingila suka riƙa harhaɗa jirage a Takoradi, ta ƙasar Gana a yanzu, su taso da su ta Legas, Kano, Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, su ratsa Sudan har Masar. Sau da yawa Blenheim, jirgin jefa bom na Ingila, shi ne ke shige wa ƙananan jirage gaba, saboda shi ke da mai duba taswira.

Duk mai son gane Blenheim, da hanci zai fara. Na farko, Mark I, wanda ya shiga aikin soja a 1937, hancinsa gajere ne, ko farfelar injinansa da ƙyar ya wuce. Mark IV kuwa an tsawaita hancinsa don mai duba taswira ya sami wurin zama da teburinsa, sannan aka ɗan lotsa rufin hancin ta ɓangaren hagu, daidai gaban matuƙi, domin kada ya tare masa gani lokacin tashi da sauka. Idan ka lura da kyau a hotonka ka ga wannan lotsawar, to mai yiwuwa Mark IV ne, kuma kwatancenka ya fi karkata gare shi.

Ƙullutun da ka gani mazaunin mashingan ne, amma bakinta baya yake kallo. An ƙara shi ne bayan da jiragen Jamus suka gane cewa cikin Blenheim a buɗe yake, suka riƙa ɓullo masa ta ƙasa. Asalin makamansa kaɗan ne ƙwarai: mashingan ɗaya kirar Browning a kafe cikin fiffiken hagu, wadda matuƙi ke harbawa, da wata kirar Vickers K a ɗan ɗakin maharbi mai juyawa da ke gadon bayan jirgin, inda daga baya aka sa Browning biyu. Harsashinsu na .303 ne, irin wanda sojan ƙasa ke ɗurawa a bindigarsa. A cikinsa yana ɗaukar bom mai nauyin laba 1,000, kimanin kilo 450, galibi guda huɗu masu laba 250. A ganina tura mutum uku da rana tsaka cikin jirgi mai wannan ƙarancin kariya babbar kasada ce, kuma an yi asarar rayuka masu yawa a kan haka.

Kada ka dogara da ƙidayar bindigogi kaɗai, tun da an sha sauya su yayin da yaƙi ke gudana. Duba cikin jirgin ta ƙasa ma: idan ka ga akwati a manne mai bakin bindiga huɗu suna kallon gaba, wannan nau'in farautar jirage ne, Mark IF ko Mark IVF, gwargwadon tsawon hancinsa.

Saura Mark V na 1942, wanda aka fara kira Bisley. Shi ma yana da mazaunin bindiga a ƙarƙashin hanci, sai dai ya fi girma, kuma ya karkata zuwa dama. An lafta masa sulken ƙarfe har ya yi nauyi, gudunsa ya ragu, aka kuma kakkaɓo su da yawa a Tunisiya cikin Disambar 1942.